Toku-san da Burushin Janairu

Na fara haɗuwa da Shimode Tokuji ranar Litinin, uku ga watan Afrilu, ranar da na kama aikin akawu a tashar da ke cikin dutsen garinmu. Kafin nan a ofishin gunduma nake, ina buga hatimi a takardun haihuwa da na mutuwa. An ba ni tebur a bakin rami, kusa da allon sunaye, aka ce babban aikina shi ne kada wani ya shiga dutse bai juya katakonsa ba. Kowa yana da ɗan katako mai sunansa rataye a ƙusa, gefe ɗaya fari, gefe ɗaya ja. In za ka shiga ka juya ja, in ka fito ka mai da fari.

Ina cikin jera alƙalumana sai ga wani gajeren dattijo mai faɗin kafaɗa ya turo keke daga ciki, da hular kwano a ka, takalmansa na roba har gwiwa suna ɗigar ruwa. Ya miƙa hannu ya juya katakonsa ko dubawa bai yi ba. Na lura jan fentin nasa ya koɗe har itacen ya fito, farin kuwa kamar jiya aka shafa shi. Ya tsaya ya ƙare mini kallo, ya tambaye ni ko ni ne ɗan Ushimaru mai shagon awara. Na ce ni ne.

"To, Sarkin Hatimi," ya ce, "kar ka yi fito a cikin rami, kar kuma ka zuba miya a kan shinkafa a inda nake gani. Sauran dokokin na masu digiri ne, su za su koya maka."

Sunan nan ya bi ni har yau. Shi kuwa kowa Toku-san yake ce masa, ban da shugaban tasha.

A layin gidajen kamfanin haƙar dalma aka haife shi. Yana da shekara goma sha shida ya bi ubansa da wansa cikin dutse, kuma tun daga nan bai yi wani aiki a waje ba. Da dalma ta ƙare kamfanin ya rufe, abokan aikinsa suka watse birane. Ana cikin haka malaman jami'a suka zo, suka ce dutsenmu yana da tauri kuma ba shi da hayaniya, irin wanda suke nema ke nan. Suna bukatar wanda zai kula da injinan jan ruwa da hanyoyin ciki. Toku-san ya ce zai yi shekara biyu.

Abin da suka gina a ciki ba shi da wuyar faɗa. Ramuka biyu ne dogaye, kowanne kilomita uku, sun haɗu kamar gwiwar hannu. A ƙarshen kowanne, da kuma wajen gwiwar, an rataye madubai da zaruruwa sirara a cikin tukwanen ƙarfe masu tsananin sanyi, wani siririn haske yana kai da kawo tsakaninsu. Idan manyan taurari biyu da suka mutu suka yi karo can nesa, sararin da muke ciki shi kansa yakan yi wata 'yar rawa, ta ratso duniya ta wuce, ta motsa madubi da abin da bai kai komai ba. Wannan motsin ake jira. A tasha "baƙo" muke ce masa. Duk wanda ya tare mu a kasuwa ya tambaya, amsa ɗaya ce: baƙo bai iso ba tukuna. Toku-san bai taɓa cewa ya gane wannan magana ba. Yakan ce su sun san abin da suke jira, shi kuma ya san inda ruwa ke ɓullowa, a haka aka zauna lafiya.

Damuwar ita ce ƙasarmu ba ta zama wuri ɗaya. Idan girgizar ƙasa ta auku nesa, a wata ƙasa ko ƙarƙashin teku, labarinta yakan riga ta isowa ta waya. Sai ƙararrawa ta kaɗa a ɗakin lura da ke cikin gari, ɗalibin da ke kan aiki ya sassauta wa madubai riƙo, don su bi motsin su yi lilo kamar kwale-kwale a bakin gaɓa maimakon su yi gardama da shi. In babba ce sai a kira Toku-san ta lasifika. Ya hau keke ya nufi ƙarshen rami, ya juya wani hannun ƙarfe, wasu matasai su taso daga ƙasa su tallafe madubin har abin ya wuce. Bayan nan a shafe awanni ana lallashin madubai su natsu.

Da zarar sun natsu na'ura ta fara saurare, sai a kunna jar fitila, ba a motsi a rami. Ba keke, ba buɗe ƙofa. Duk inda jar fitila ta same ka, nan za ka zauna. Toku-san yana da 'yar kujera mai naɗewa ɗaure a bayan kekensa. Sau da yawa nakan tashi aiki in bar katakonsa a ja, na san yana can ƙurya zaune, ruwa na ɗiga a hularsa, yana jiran wani motsi ya zo ya katse sauraren a sake shi. Ya taɓa ce mini duk faɗin ƙasar nan shi kaɗai ke marmarin girgizar ƙasa, in dai 'yar ƙarama ce.

Amma ba jar fitila ce ta riƙe shi a dutsen ba.

Ranar farko ta aiki a watan Janairu akan sayo sabon daruma, jan ɗan tsanan nan na takarda mai zagaye, ba hannu ba ƙafa, idanunsa biyu farare. A ɗora shi a teburin ɗakin taro, a zana masa idon hagu da baƙar tawada a ƙulla niyya. Na dama sai bukata ta biya. Bukatar tasha ɗaya ce, baƙo ya iso. Shekarar da aka buɗe wurin, shugaba Tsukahara-sensei, wato Malam Tsukahara, ya miƙa wa Toku-san burushi a gaban kowa, don shi ya fi kowa daɗewa a dutsen. Ya karɓa da hannu biyu ya zana. A garinmu wanda ya buɗe wa daruma ido ɗaya ba ya juya masa baya sai ya buɗe ɗayan, ko kuma an kai shi wuta. Wutar kuwa a tsakiyar Janairu ake hura ta, a ƙone na bara da godiya. Kafin ranar ta zo an riga an zana wa sabon ido tun farkon wata. Don haka babu rana ɗaya a shekara da Toku-san ba shi da daruma a wuyansa. Ɗalibai suna zuwa su yi shekara biyu ko uku su wuce, malamai ana musu canjin wuri, shi kuwa duk Janairu Sensei ya rusuna ya miƙo burushi, shi ma ya rusuna ya karɓa.

Matarsa Harue 'yar masunta ce daga bayan duwatsu, bakin teku. Murya gare ta irin ta mutanen da suka saba magana da iska, kuma ba ta iya zagaye-zagayen da muke yi a nan ba, ko da yake ta koyi yin shiru. Shekara arba'in ta yi a kwarinmu, inda a lokacin sanyi rana ba ta leƙowa daga bayan tsauni sai hantsi ya yi nisa, kafin la'asar kuma ta ɓace, dusar ƙanƙara ta toshe tagogi. Tun suna amarya da ango ya yi mata alkawarin ranar da ramin dalma ya rufe za su koma garin iyayenta. Wanta ya rasu ya bar mata gida yana fuskantar teku, ba kowa a ciki, rufin yana yoyo.

A shekarata ta huɗu a tasha na kai musu awara daga shagonmu, wanda ƙanwata ke riƙe da shi yanzu. Na tarar Toku-san ya shigo ke nan, Harue-san tana ce masa, "Baba, cire hular, nan ba rami ba ne." Ta zuba mini shayi, rabi ya zuba a tebur. Ba ta ɓoye ba. Ta ce likita ya ce idonta na hagu ya tafi, na dama kuma yana bin sa a hankali, ba wanda ya san ko shekara nawa zai kai.

"Yanzu mu biyu ke nan masu ido ɗaya a garin nan," ta ce, "ni da wancan jan abin naku. Shi dai ya fi ni gata, duk shekara ana sabunta shi."

Na yi dariya don ta yi. Toku-san bai yi ba, yana ta goge tebur. Ta ce ita ba wani abu take nema ba, so take ta zauna a ƙofar gidan wanta ta ga jiragen kifi suna shigowa tun tana iya gani, shi kuma yana kan rufi yana mita. Na tambaye ta ko ba za ta fara yin gaba ba ya same ta. Ta ce shekara arba'in tana jiran mutum ya fito daga rami, ba za ta je inda ko jiniya aka busa ba za ta ji ba.

Ni nake kai wa Sensei takardun sabunta aiki duk watan Maris. Da na zo kan ta Toku-san sai na faɗa, yadda ake faɗin irin wannan, cewa idon uwargidan Shimode-san ba lafiya, kuma an ce iskar teku tana da kyau ga tsofaffi. Sensei mutum ne mai kirki, dogo, mai saurin jin kunya. Ya cire tabarau, ya gode mini da na sanar da shi. Washegari aka kai kwalin tuffa gidan Shimode, takardar kuma ta dawo mini da sa hannu har da ƙarin alawus. Sensei ya kira ni ya ce mutum irin wannan in ka raba shi da dutse ka kashe shi, yanzu kuma ga hidimar asibiti, muddin yana shugaba ba wanda zai ce wa dattijon ya tafi. Na ce wataƙila shi ma yana da nasa tunanin. Ya ce in yana da shi ai da ya faɗa, shekara nawa suna tare.

Na kai wa Toku-san wannan magana yadda na ji ta. Ya daɗe yana kankare laka daga tayar keke. Ya ce, "Mutum ya aiko maka da tuffa, sai ka je ka ce masa ka gaji da shi?" Aka ƙara shekara biyu a haka.

Makon ƙarshe na Disamba nakan shiga rami in ƙirga tukwanen kashe gobara in duba kwanan watansu. A shekarar da nake magana yawancin ma'aikata sun riga sun tafi hutu. Bayan abincin rana na juya katakona, Toku-san ya goya ni a keke har ƙarshen ramin gabas. Ina durƙushe ina karanta lambar wata tukunya sai ƙararrawa ta kaɗa, ba ta kai ga yin shiru ba ƙasa ta ɗaga ni ta ajiye. Girgizar kusa ba ta aiko da labari. Fitilu suka mutu, 'yan ƙananan na gaggawa suka kama. Dutsen yana gurnani ta ko'ina, ruwan kwata yana tsalle. Na kwanta na rufe kaina da allon rubutuna. Na hango Toku-san yana rarrafe zuwa hannun ƙarfen. Kafin ya kai, daga cikin tukunyar madubin muka ji wata 'yar ƙara, kamar an ajiye kofi da ƙarfi a kan faranti. Ya tsaya. Sannan ya kama hannun ya juya shi har ƙarshe duk da haka.

Wayar bango tana aiki. Ɗalibin da ke ɗakin lura ya ce dusar ƙanƙara da duwatsu sun zaftaro sun rufe bakin rami, har teburina, kuma hanyar da motar haƙa za ta biyo ita ma ta karye a wani wuri. Ya ce mu koma zauren tsakiya mu zauna. Toku-san ya ce za a sake wata girgizar, kullum ana sakewa, sauran madubai kuma suna rataye ba tallafi. Ya ce in hau keke. Muka dawo gwiwa ya juya hannun ƙarfen na can matasai suka taso, muka miƙa ƙarshen ɗaya ramin cikin rabin duhu, ina riƙe da tocila a kan kafaɗarsa, ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya gama juya na ƙarshe ba da jimawa ba ta biyu ta zo.

Daga nan ba sauran abin yi. Muka zauna a zauren tsakiya, shi a kujerarsa, ni a kan akwatin kayan aiki, ƙofar ƙarfe a gabanmu wadda ba ta kai ko'ina. A cikin dutse ba a sanin lokaci sai an duba agogo, na kuwa daina dubawa don ba ya tafiya. Sanyi ya shiga ƙasusuwana. Duk bayan wani lokaci ƙasa ta ɗan motsa, ƙura ta zubo. Ya buɗe ƙunshinsa ya raba mana dunƙulen shinkafa da busasshen kifin da dangin Harue-san ke aikowa.

"Sarkin Hatimi, ka dai juya katakonka?"

Na ce na juya.

"To yana ƙarƙashin ƙanƙara. Ko an tono shi ba mai iya karanta rubutunka."

Ya ci kifinsa a hankali. Can ya ce mini bana ba zai karɓi burushin ba. Ya ce sun yi wata guda suna gwadawa a gida. Harue-san takan tsaya da tsinken cin abinci a hannu biyu, ta rusuna ta yi muryar Sensei, shi kuma zai cusa hannuwansa cikin hannun riga ya ce, Sensei, bana a ba wa yara. Kalma shida ce kawai. Ya ce sau da yawa kafin ya farga tsinken yana hannunsa, ita kuma ta kwaɗa masa shi a ka. Amma a makon nan sau uku a jere bai karɓa ba.

Ya ce in tashi mu gwada. Na miƙe a cikin wannan duhun, dutse yana ƙara a kanmu, na riƙe alƙalamina da hannu biyu na rusuna. Ya ce ban rusuna da kyau ba, Sensei ya fi ni tsawo kuma ya fi ni ladabi. Na ƙara. Ya cusa hannuwa cikin riga, ya faɗi kalmominsa sarai. Na ce ya ci jarrabawa, in yana so in buga masa hatimi. Wannan karon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa ya ce idon Harue-san na dama ya fara hazo, ranar nan ta gai da akwatin wasiƙu a zaton maƙwabciya ce. Ya ce in bazara ta yi, hanya ta buɗe, za su tafi.

Sai washegari bayan azahar motar haƙa ta buɗe wata kafa. Muka fito da rarrafe, hasken waje ya soke mini ido. Harue-san tana tsaye cikin mutane da lema, tana kallon wajen da ba mu ba. Sai da ya yi tari ta juyo. Ta lalubo hannun rigarsa ta riƙe.

"Baba, ka gama?"

"Na gama."

Ranar farko ta aiki a Janairu muka taru a ɗakin taro. An riga an san abin da ya faru a ciki. Madubai biyu sun tsinke sun faɗi, sai an ɗumama tukwane an buɗe, an yi odar sababbi, an sake sanyaya su. Ana maganar shekara biyu. Akwai ɗalibai a ɗakin da karatunsu ya rataya a kan waɗannan madubai, ba wanda ya ɗaga kai. Sensei ya rame a mako ɗaya, kwat ɗinsa ta yi masa yawa. Ya yi gajeren jawabi, ya ce ba don Shimode-san ba da babu madubi ko ɗaya da ya rage. Sannan ya tsoma burushi a tawada, ya riƙe da hannu biyu, ya rusuna fiye da yadda na taɓa ganin ya rusuna wa kowa.

Ina tsaye kusa da Toku-san. Hannuwansa suna cikin riga. Ya buɗe baki ya ce, "Sensei, bana..."

"Bana fiye da kowace shekara, Shimode-san," in ji Sensei, bai ɗago ba. "Ina roƙo."

Sensei bai ɗago ba. Tawada ta taru a bakin burushi ta ɗiga a ƙasa, ta sake ɗiga. Wata ɗaliba ta sa hannu ta rufe fuskarta. Na ga hannun rigar Toku-san yana motsi, kamar wani abu a ciki yana neman hanya. Ya fito da hannuwansa, ya karɓa, ya zana idon hagu, zagaye sosai kamar kullum. Aka tafa.

Daga baya ya gaya mini bai ce wa Harue-san komai ba da ya koma gida. Ta kama hannunsa ta sunsuna yatsunsa, ta ji ƙamshin tawada, ta saki, ta je ta zubo abinci.

Da hanya ta buɗe a watan Afrilu ta tafi ita kaɗai. Na ga tafiyar don ranar ina cikin motar Sensei, muna dawowa daga ofishin gunduma. Hanyar bakin kogi mota ɗaya take ɗauka, sai muka yi kiciɓis da wata 'yar motar kaya, ɗan wanta yana tuƙi, an ɗaure katifu da kabad a baya. Harue-san ta sauko tana dafa mota har ta iso tagar Sensei. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi ido, ya tambaya ina za a kai kaya haka. Ta ce gida za ta.

"Sensei, tun shekarar da kuka zo mutumin nan yake neman ƙofar fita, kai kuma kana miƙa masa burushi. Ni idona ba zai jira baƙonku ba."

Sensei ya riƙe sitiyari. Ya tambaya, da 'yar ƙaramar murya, me ya hana shi faɗa.

"Kai ma ɗan ƙasar nan ne, ka sani," ta ce. "Tuffar ta yi daɗi, mun gode. Ɗan ja da baya mu wuce."

Ya ja da baya har inda hanya ta ɗan yi faɗi. Muka iso tasha. Ya sa hular kwano, ya juya katakonsa, ya shiga da ƙafa. Abin da suka yi a ciki daga bakin su biyun na ji, kuma bai saɓa ba. Ya sami Toku-san yana gyaran injin ruwa, ya durƙusa a cikin lakar ya ba shi haƙuri, ya ce ya tafi yau ɗin nan, takardu za su biyo baya. Toku-san ya tashe shi ya ce ba laifinsa ba ne, amma an riga an zana ido. Sensei ya ce to a ƙone daruman yanzu. Toku-san ya ce ba a ƙone daruma a watan Afrilu, balle a shekarar da madubai suka faɗi, yaran nan suna kallo, in suka ga haka za su ce an fid da rai. Sensei ya yi ta roƙo. Wannan karon Toku-san ne ya ƙi.

Don haka ya ƙara wannan shekarar, yana kwana shi kaɗai a gidan da ba katifa sai ɗaya. Duk Asabar yakan hau jirgin ƙasa ya je wurinta, ya dawo Lahadi da yamma da ƙunshin kifi, ya ajiye mini rabona a tebur. Da damina ya ce tana zama a ƙofa tana ganin jirage har tana gane masu su. Da kaka ya ce fitilunsu kawai take gani. Wajen Disamba na tambaya ya ce tana bambanta rana da dare.

A Janairu Sensei ya miƙa burushi ga ɗalibar da ta fi kowa ƙuruciya, wadda ko yaya za ta bar tasha in ta gama karatu, kuma haka ake yi tun daga lokacin. A tsakiyar wata Toku-san ya ɗauki tsohon daruma da kansa ya kai filin wuta, ya tsaya har ya cinye. Washegari da safe ya zo teburina ba hula ba keke. Ya cire katakonsa daga ƙusa ya tambaye ni ko kayan tasha ne. Na ce kayan tasha ne, amma ya tsufa, dama zan cire shi daga lissafi. Ya sa a aljihu.

Yana da shekara saba'in da ɗaya ya bar dutsen. Suna zaune a gidan wan Harue-san, ya gyara rufin da kansa a bazarar farko. Ita ba ta gani yanzu. Na ziyarce su sau ɗaya. Da yamma sukan zauna a ƙofa, ta tambaye shi wane jirgi ne ya shigo, ya faɗa ba daidai ba don bai san jirage ba, ta gyara masa da ƙarar injin. Ta ce mini in rediyo ya ba da labarin girgiza a wata ƙasa har yanzu yakan miƙe ya nemi takalmansa, sai ta ja shi ya zauna. An gama gyaran madubai bayan shekara biyu da rabi, Sensei ya yi ritaya, an sa injin da ke tayar da matasai da kansa. Baƙo bai iso ba tukuna. Toku-san bai sake zuwa garinmu ba.